Kwana Biyu a Yankari da Goyo

Labarin tafiya muka kawo muku a wannan wata, amma ba a tashar mota ya fara ba. A tsakar gida ya fara, wata ranar Laraba da dare. Babbar 'yarmu mai shekara 15 tana wanke kwanuka, mu kuwa muna zaune a kan benci muna duba littattafan 'yan aji shida. Ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Baba, yaushe rabon da ka ji Mama ta yi dariya?" Muka buɗe baki za mu kwaɓe ta, gama wannan ba tambayar yara ba ce, sai muka tarar ba mu da amsa. Muka lissafa baya a zuci, muka wuce Kirsimati, muka wuce ranar suna, har muka kai watan haihuwa, ba mu tuna da rana ɗaya ba.

Shekararmu 17 da aure. Muna da yara uku, ƙaraminsu ya kai shekara 9, har mun ɗauka an rufe wannan babi, sai Allah ya kawo mana auta. Abokan aiki suka yi ta zolayarmu a ofishin malamai, suna cewa Malam ya ƙi tsufa. A gida kuwa al'amarin ba na wasa ba ne. Uwargida ta rufe keken ɗinkinta da zane tun tana wata bakwai, ba ta sāke buɗe shi ba. Da dare tana tashi sau uku ko huɗu, da asuba tana shirya yara su tafi makaranta. Mu kuma daga aji sai koyon waƙa, daga koyon waƙa sai taron kwamiti, idan muka dawo sai jan biro da tarin littattafai. Ba faɗa muke yi ba. Ba wanda ya taɓa jin muryarmu a unguwa. Maganarmu dai ta koma ta gawayi da sabulu da kuɗin makaranta, idan aka gama wannan sai kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya ya yi barci.

Da muka kawo shawarar tafiya hutun kwana biyu, mu biyu da jinjiri, ba wanda ya goyi bayanmu, har ita uwargidan. Ta ce, "Malam, kuɗin kwanon kicin fa?" Gaskiyarta. Adashin malamai ya faɗo a kanmu a watan Janairu 2024, kuma mun riga mun yi niyyar sayen kwano mu sāke rufin kicin da yake yoyo. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023 kuma, kuɗin mota ya ninka har fiye. Mahaifiyarmu ta riƙe baki ta ce, "Dajin giwa za ku kai ɗan wata biyar? Idan yawonku ya zama dole, ku bar mini shi." Wannan kuwa ba mai yiwuwa ba ne, domin nono zalla yake sha, kamar yadda ma'aikatan lafiya suke koyarwa a yi har jariri ya cika wata shida. Wani dattijo a ekklesiya ya tambaye mu wa zai riƙe ajinmu na makarantar Lahadi. Wannan ita ce mafi sauƙi, muka sami wanda zai tsaya mana.

Mun lura da wani abu a cikin waɗannan gardandami. A wurinmu, idan aka ga mutum da matarsa sun shiga mota tare da jaka, tambayar farko ita ce, "Wa ya rasu?" Idan ba rasuwa ba, to asibiti ne, ko biki. Mutum ya ɗauki matarsa domin su je su zauna su dubi ruwa kawai, ana ganinsa kamar wanda kuɗi ya yi wa yawa, ko wanda yake kwaikwayon Turawa. Malamin makarantar ekklesiya kuwa kowa ya san kuɗi bai yi masa yawa ba. Muka raba kuɗin adashin biyu, rabi ya koma asusu, rabi ya shiga aljihu.

Kafin mu tashi muka je wurin ma'aikaciyar jinya da take yi wa yaron rigakafi. Ba ta hana mu ba, amma ta kafa mana sharuɗɗa. Mu tafi da gidan sauro namu na kanmu, kada mu dogara ga wanda za mu tarar. Mu sa wa yaron riga mai dogon hannu da safa, mu kuma guji baƙaƙen tufafi da shuɗaye, gama ƙudan tsando waɗannan launuka yake bi. Kada zafin rana ya sa mu ba shi ruwa, ita uwar ce za ta yawaita sha ta kuma yawaita ba shi nono. Mu riƙe katin rigakafinsa da ƙunshin garin gishiri da sukari na gudawa. Sa'an nan ta dube mu ta ce, idan jikinsa ya yi zafi ko da tsakar dare ne, hutu ya ƙare, a kama hanyar asibiti, ba a jiran gari ya waye a ga yadda zai yi. Muka ƙara da namu: muka tambayi direbobi da 'yan'uwa a Bauchi yadda hanya take a wannan mako, muka kuma ƙudura ba za mu yi tafiyar dare ba. Duk mai niyyar zuwa ya yi wannan tambaya shi ma, gama lafiyar hanya a ƙasarmu ba a gadonta daga bara.

Ranar Jumma'a ta hutun tsakiyar zango, a watan Fabrairu, muka bar Jos da ƙarfe bakwai na safe, uwargida tana lulluɓe da rigar sanyi. Muka gangara ta Tilden Fulani da Magama Gumau da Nabardo, kafin mu hango dutsen Zaranda rigar sanyin ta koma cikin jaka. Wajen ƙarfe goma muna Bauchi. Ƙanin uwargida ya ba mu aron motarsa, da yake motocin haya ba sa kai mutum har cikin dajin. Muka cika tanki a gari, muka sayi ruwan sha da burodi da lemo, muka kama hanyar Gombe. A Dindima, inda gada ta ƙetare kogin Gongola, ake barin babban titi a yi kudu zuwa ƙofar Mainamaji. Nan ake biyan kuɗin shiga a rubuta suna. Daga ƙofa zuwa sansanin Wikki akwai sauran fiye da kilomita 40 a cikin daji, duka tafiyar daga Bauchi kuwa kimanin kilomita 110 ce. Yaron ya yi barci tun daga Dindima. Wani mugun dawa ya gitta mana da 'ya'yansa a jere, kowanne ya ɗaga wutsiya sama kamar sandar tuta, uwargida ta nuna su da yatsa, ba ta ce kome ba.

Bari mu ɗan yi aikinmu na malanta, domin yara masu karanta wannan shafi. Dajin Yankari yana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 2,244. A shekarar 1956 aka keɓe shi domin kiwon namun daji, a zamanin gwamnatin Jihar Arewa, aka buɗe shi ga baƙi a watan Disamba 1962. A 1991 gwamnatin tarayya ta mai da shi gandun daji na ƙasa, a 2006 kuma ya koma hannun Jihar Bauchi. Kogin Gaji ne ya ratsa shi, kuma shi ne asirin wurin: idan rani ya yi nisa, tafkuna suka ƙafe, namun daji duka sai su gangaro bakin Gaji. Shi ya sa masu zuwa kallo suka fi son ƙarshen rani. Mai goyo kuwa Fabrairu ya fi masa, sanyin hunturu ya ragu, zafin bazara bai kankama ba.

Da muka isa sansani, ma'aikacin da ya nuna mana ɗakinmu ya yi mana gargaɗi sau biyu: a kulle ƙofa, a rufe taga, kada a riƙe leda a hannu a waje, saboda birai. Gwaggon biri a Wikki ba ya tsoron mutum, yana yawo tsakanin ɗakuna kamar shi ne mai unguwa. Muka ce mun ji. Malamin da yake tsawata wa yara kullum a kan rashin sauraro bai cika minti goma ba ya ajiye leda a kan mota ya juya zai ɗauko jaka. Kafin mu waiwaya wani ƙaton biri ya sure ta ya haye rufin ɗakin da yake kusa. Ya zauna ya gyara zama, ya zura hannu. Ba burodi a ciki, nafkin ɗin jinjiri ne. Ya zaro ɗaya, ya sansana, ya jefar. Ya zaro na biyu, ya yage shi ya duba ciki, ya jefar. Mu kuwa muna ƙasa muna tsalle muna tsince su, muna yi masa ihu da Turanci, kamar wanda ya yi makaranta.

Sai muka ji wata ƙara a bayanmu. Uwargida ce, ta jingina da mota, yaro a kafaɗa, tana dariya har da hawaye, tana cewa, "Malam, ka rubuta sunansa a cikin masu surutu!" Muka tsaya da nafkin uku a hannu muna kallonta. Mun yi asarar guda biyar ranar nan, ba mu taɓa yin asarar da ta yi mana daɗi kamarta ba.

Da la'asar muka gangara matakala zuwa ruwan Wikki. Duk abin da aka faɗa mana game da shi bai kai ganinsa ba. Daga ƙarƙashin wani dutse yake ɓulɓulowa, garai-garai, har mutum yana iya ƙirga yatsun ƙafarsa a kan farin yashin da yake ƙasa. Tsawon wurin wankan ya kai kimanin mita 200, itatuwa sun yi masa rumfa. Ɗuminsa digiri 31 ne, dare da rana, rani da damina, ba ya canzawa, kuma an auna cewa yana zubar da wajen lita miliyan 21 kowace rana zuwa cikin kogin Gaji. Wurin da ruwan yake fitowa yana da zurfi, wanda bai iya iyo ba ya tsaya can ƙasa inda bai wuce gwiwa ko ƙugu ba. Ana cewa a harshen Dugurawa, mutanen wannan yanki, ma'anar sunan Wikki ita ce "ina kake?"

Ɗumin ruwan bai kai na jikin mutum ba, wanda yake digiri 37, saboda haka ba mu tsoma yaron duka ba. Muka riƙe shi a hammata muka sa ƙafafunsa kawai na 'yan mintoci. Ya ƙanƙame su tukuna, sa'an nan ya fara shure-shure yana ɓangale baki. Bayan haka muka yi karɓa-karɓa, ɗaya ya riƙe goyo a kan tabarma, ɗaya ya shiga ruwa. Abin kunya ne mu faɗa, amma a cikin 'ya'ya huɗu wannan ne karo na farko da muka riƙe jinjiri awa guda cur ba tare da mun miƙa wa uwarsa ba da ya fara kuka. Uwargida ta zauna a cikin ruwa har wuya, ta rufe ido, ba wanda ya kira ta.

Asabar da sassafe muka shiga motar kallon namun daji tare da waɗansu baƙi da ɗan jagora. A nan za mu faɗi gaskiya ga masu goyo: wannan sashe shi ne mai wuya. Hanya da gargada, ga ƙura, tsando kuma yana cizo ta cikin riga. Uwargida ta zauna a tsakiya ta lulluɓe yaron da farin mayafi mara nauyi, mu kuma muka zama mai korar ƙuda da hula. Mun ga gwambaza a bakin ruwa, da mazo, da kada yana shan hantsi, da tsuntsaye iri-iri, gama an lissafa fiye da iri 350 a dajin. Muka zo kan garken ɓauna, direba ya kashe mota, kowa ya yi tsit. A daidai wannan lokaci auta ya ga dama ya tsala kuka. Ɓaunaye suka ɗaga kai, suka juya, sai ƙura. Baƙin nan ba su ce kome ba, amma mun ga ƙeyarsu tana magana. Giwa kuwa ba mu gan ta ba, sai kashinta da rassan da ta kakkarya. Ana ƙiyasin waɗanda suka rage a Yankari tsakanin 100 da 150 ne, suna cikin garkuna mafi girma da suka saura a Nijeriya, amma dajin da faɗi, ba kuma alkawari suka yi da kowa ba. Da za mu sāke, da ɗayanmu ne zai tafi kallon safe, ɗayan ya tafi na yamma, a bar yaro a ɗaki.

Da rana ta take muka shiga ɗan gidan tarihi na sansanin, inda aka ajiye fatu da ƙasusuwa da hauren giwa, da tarkuna da bindigogin da aka ƙwace daga mafarauta. Akwai kogunan dutse da ake kira da sunan Marshall, wanda ya ba da labarinsu a 1980, ɗakuna 59 da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse, akwai kuma rijiyoyin Dukkey su 139. Ba mu je ko ɗaya ba. Muka koma ɗaki muka yi barcin rana, mu uku a cikin gidan sauro ɗaya.

Abin da ya kai mu Yankari, ashe a daren Asabar yake jiranmu. Bayan cin abinci muka zauna a ƙofar ɗaki, yaro yana barci a ciki, ba littafin da za a duba, ba yaron da zai zo neman fensir. Shiru ya yi tsawo har ya fara nauyi. Muka ce, "Uwargida, me yake damunki?" Ta ce ba kome. A gida, a nan maganar takan tsaya, domin mun saba karɓar "ba kome" da hannu biyu mu koma ga aikinmu. A nan kuwa ba aikin da za a koma. Muka sāke tambaya.

Ta daɗe kafin ta fara. Ta ce tun bayan suna take kuka a banɗaki, inda ba mai ji, ba ta kuwa san dalili ba. Ta ce akwai ranakun da take duban yaron ta ji zuciyarta wayam, sa'an nan ta tsani kanta saboda haka, ta ce wace irin uwa ce ita. Ba ta gaya wa matan zumunta ba, don kada a ce ta rasa godiya ga Allah. Sai ta ce, "Malam, na ɗauka kunyar yaron nan kake ji. Tun da abokanka suka fara yi maka dariya ka daina dawowa gida da wuri."

Ba kunya ba ce, tsoro ne, amma ba mu taɓa faɗa mata ba. Tun ranar da aka ce tana da ciki muke lissafi a bayan littafin darasi: sa'ad da yaron nan zai gama sakandare, mu mun riga mun yi ritaya. Muka karɓi darasin yamma a gidaje biyu muka ce mata taron kwamiti ne, don kada hankalinta ya tashi. Ita tana ɓoye hawaye don ta sauƙaƙa mana, mu muna ɓoye lissafi don mu sauƙaƙa mata, a ɗaki ɗaya, wata biyar. Muka roƙe ta gafara a kan ƙaryar kwamiti. Ta ce ta yafe, amma ta ƙara da cewa ba ta so ta sāke jin labarin aljihunmu a bakin dare a cikin daji, a gida take so ta ji shi, kowane ƙarshen wata. Ba mu kwanta ba sai da yaro ya farka neman nono wajen ƙarfe ɗaya.

Maza 'yan'uwanmu, a nan muke so ku saurara. Abin da uwargida ta kwatanta ba rashin bangaskiya ba ne, ba kuma shagwaɓa ba. Ciwo ne da likitoci suka sani, baƙin ciki mai nauyi da yakan kama mace bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mata 13 cikin 100 da suka haihu suna fama da irin wannan damuwa, a ƙasashe masu tasowa kuwa adadin ya kusa 20 cikin 100. Ku lissafa matan da suka kawo jarirai miƙawa a majami'arku a shekara guda, ku ga ko nawa ke nan. Ruwan Wikki bai warkar da shi ba, kada wani ya ce mun faɗi haka. Abin da tafiyar ta yi shi ne ta ba mu wurin da maganar za ta fito. A makon da muka dawo muka koma wurin ma'aikaciyar jinyar nan tare, ta tura mu ga likita, aka yi watanni ana bin al'amarin. Mahaifiyarmu ta karɓi girkin dare na kwana uku a mako, mu kuma muka ajiye darasin gida ɗaya, muka ɗauki tashin asuba na shirya yara.

Ba lalle sai Yankari ba. Wanda yake Jos yana iya kai iyalinsa gidan tarihi da gidan namun daji na cikin gari, ko magangarar ruwa ta Assop, ya dawo a yini ɗaya. Wanda yake ƙauye yana da gidan ɗan'uwa a wani gari, muddin dai za a bar su su zauna su biyu, ba a cika musu ɗaki da masu gaisuwa ba.

Ran Lahadi da safe muka yi gajeriyar sujada a ɗaki, muka raira waƙa ɗaya a hankali, birai suna leƙe ta taga. Muka sāke gangarawa ruwa sau ɗaya, ƙarfe goma muka kama hanya, kafin magariba muna gida. Mahaifiyarmu ba ta amsa gaisuwarmu ba sai da ta karɓi yaron ta tuɓe shi ta duba shi daga kai har tafin ƙafa, ba ta sami cizo ko ɗaya ba, sa'an nan ta ce sannunku da zuwa. Yara suka tambaya ko mun ga giwa, muka ce mun ga kashinta, suka ce asarar kuɗin mota. Babbar 'yar ba ta tambayi kome ba, uwarta take kallo sa'ad da take ba su labarin biri tana kwaikwayon tsallenmu.

Rabin kuɗin adashi bai isa sayen kwano ba. Ruwan farko da ya sauka a watan Afrilu ya same mu muna jera robobi uku a kicin. Uwargida ta bar keken ɗinki ta zo da na huɗu, ta sa shi daidai inda yake ɗiga a kan murhu, ta ce, "Malam, ga Wikki ta biyo mu gida."